Akwatin kabon ko na alminiyam: wanne zai tsare kayan lantarkin tauraron ɗan'adam?

Bashar_Aliero: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina ajin ƙarshe, kuma aikin kammala karatuna kan akwatin da ake zuba kayan lantarkin tauraron ɗan'adam ne, wanda ke hana siginar waje shiga, ya hana ta ciki fita. Kwana uku ke nan wani abu ya tsaya mini a rai. Duk inda na duba cewa ake ana ƙoƙarin barin alminiyam a koma zaren kabon da aka daskarar da gam. To amma a aji an koya mana cewa abin da ke tare sigina shi ne abin da lantarki ke bi ba wahala, kuma ta wannan fanni alminiyam ya ninka kabon ɗin wajen sau dubu. Me zai sa a bar abin da ke aiki a koma wanda bai kai shi ba? Ko ni ne ban gane karatun ba?

Sani_GyaranWaya: Wa alaikumus salam. Ni ban je jami'a ba, amma abin da kake magana kullum yana hannuna. Ka buɗe kowace waya za ka ga 'yan gwangwanaye an like su a kan bod, wato allon cikin waya, sun rufe aisin netwok da na wuta, wato 'yan ƙananan ƙwaƙwalwar lantarkin nan da ake kira IC. Wani yaro da na koya wa aiki ya taɓa cire ɗaya da bulowa don ya canza aisi, da ya gama sai ya jefar da gwangwanin, wai ado ne. Washegari mai wayar ya dawo, sabis ɗinsa sanda ɗaya, in ya shiga ɗaki ya ɗauke gaba ɗaya. Sai da muka kwashe shara muka nemo shi. Don haka ni dai ƙarfe na sani. Roba ba ta tare komai.

MalamFiziks_Jega: Bashar, ka gane karatun, abu ɗaya ka manta, wato nauyi a sikeli. Santimita ɗaya ta kowane ɓangare na alminiyam giram 2.7 ce, ta jan ƙarfe kusan giram 9, ta haɗin zaren kabon kuwa wajen giram 1.6. Ɗauki biro. A ce akwatinka tsawo 20, faɗi 20, tsayi 10 a santimita, kaurin bango milimita 2. Da alminiyam zai kai giram 864. Da kabon giram 512. Ka rage giram 350 da ɗoriya a akwati ɗaya, babban tauraro kuwa akwatunan cikinsa da yawa. Kowane kilo da roka za ta ɗaga dubban daloli ne, kuma kilon da ka rage a akwati sai ya zama mai ko ƙarin na'ura. Tun 1836 Michael Faraday ya nuna cewa ɗakin da aka lulluɓe da ƙarfe yana tsare abin da ke ciki, ba wanda ke musun wannan. Rigimar ita ce ƙarfe nawa ake bukata.

Dan_Kamba: Ku yi haƙuri fa. Mu nan yau kwana biyu ba mu ga wuta ba, ku kuna can kuna auna akwatin kumbo. Allah ya kyauta.

Ummu_Injiniya: Dan_Kamba, wayar da ka rubuta wannan ƙorafin da ita tana da irin akwatin, Malam Sani ya faɗa maka yanzu. Bari in ɗora a kan maganar Malam na Jega, don a nan amsar Bashar take. Sigina mai saurin kaɗawa ba ta nutsewa cikin ƙarfe, a fatarsa take tsayawa. A gigahaz 1, wato kaɗawa biliyan ɗaya a daƙiƙa, zurfin da take shiga jan ƙarfe kafin ƙarfinta ya karye wajen maikuromita 2 ne, maikuromita kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Ke nan a bangon nan mai milimita 2, ɗan abin da ke sama ne ke tare sigina, saura duk yana nan ne don akwati ya yi ƙwari kada jijjigar roka ta wargaza shi. Sai masu ƙira suka ce, to a raba aikin mana. Kabon ya ɗauki ƙwari, a shafa masa jan ƙarfe ko nikel siriri ya ɗauki tare sigina. Ka lissafa da akwatin Malam: shafen jan ƙarfe mai kaurin maikuromita 10 a jikinsa duka wajen giram 14 ne kawai. Wasu ma zaren suke fara lulluɓewa da nikel kafin a saƙa, wasu su shimfiɗa ragar jan ƙarfe tsakanin shimfiɗun kabon. Jirgin Boeing 787 rabin nauyinsa irin wannan haɗi ne, shi ya sa aka sa masa jan ƙarfe a fata saboda tsawa.

Bashar_Aliero: Anti na gode, kin warware mini rabi. Ke nan ba a bar ƙarfe ba, rage shi aka yi.

Baba_Argungu: Ɗiyata Ummu ta yi magana. Mu da munka yi aikin rediyo tun zamanin bawul, wanga abu ba baƙo ba ne. Kuma shi wanga haɗi da kuke ta kira da sunan Turawa, ai kakanninmu sun san shi. Mi ya sa magini ke zuba ramno cikin laka in zai yi tubali? Laka ita kaɗai tsagewa takai, ciyawa ita kaɗai ba ta tsayuwa, in anka haɗa su sai gini ya shekara talatin. Zare shi ne ramno, gam shi ne laka. Amma yaro Bashar, in ba ka shawara, bar kallon bango, kalli baki. Duk akwatin da na taɓa gani yana yoyon sigina, ba ta bango yake yi ba. Ta murfi ne, ko ta ramin da waya ta shiga.

Sani_GyaranWaya: Baba ya taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Gwangwanin da na ce, in ba ka like shi zagaye da dalma ba, ka ɗan ɗiga a kusurwa biyu kawai, wallahi kamar ba ka sa ba.

Zuru_Boy: Ni fa ban yarda ba sai na gani. Yanzu na ɗauki tukunyar alminiyam ta uwargida, na jefa wayata ciki, na rufe da murfi, na sa ƙanena ya kira. Ta yi ringin sarai. To ina Faraday ɗin naku?

MalamFiziks_Jega: Zuru_Boy ka yi gwaji mai kyau, kuma ka tabbatar da maganar Baba ba ka sani ba. Murfin tukunya zama kawai yake yi a kai. Tsakaninsa da bakin akwai siririyar kafa mai tsawo, ga kuma wani ɓawo da alminiyam ke yi in ya sha iska, wanda lantarki ba ya bi. Sigina ba ruwanta da faɗin kafa, tsawonta take dubawa. Tsaga mai tsawon rabin zangon sigina, wato rabin tsawon kaɗawarta guda, eriya ce sosai, ko da reza ba za ta shige ta ba. Duba ƙofar na'urar ɗumama abinci: ramuka ne birjik har kana hango kwano, amma kowane bai fi milimita ɗaya ko biyu ba, zangon siginar ciki kuwa santimita 12 ne, a gigahaz 2.45. Ramuka dubu ƙanana sun fi tsaga ɗaya doguwa aminci. Nemo foyil ka naɗe wayar ruɓi biyu, ka murɗe bakin sosai, ka sake kira.

Zuru_Boy: Foyil sai gobe in na shiga kasuwa. Uwargida ta karɓe tukunyarta, ta ce in wayar ta dahu in kira ta.

Ummu_Injiniya: Wannan maganar baki ita ce ta fi wahala a akwatin kabon, Bashar ka rubuta ta da babban baƙi. A alminiyam, in ka ɗaure murfi da kusoshi kusa-kusa ka sa gasket, wato zoben toshe baki, mai bin lantarki, ƙarfe ya taɓa ƙarfe, magana ta ƙare. A kabon kuwa abin da ke fuskar waje gam ne, gam kuma ba ya bin lantarki. Za ka ɗaure murfi tam, da ido ka ga ya rufu, amma a wajen lantarki a buɗe yake. Sai an kankare gam ɗin har zare ya fito, ko a kai shafen ƙarfen har leɓen akwati. Sannan zaren yana bin lantarki ta tsawonsa ne, a gicciye da ƙyar, tsakanin shimfiɗa da shimfiɗa ma ya fi muni. Shi ya sa ake jera shimfiɗun wannan ta miƙe, wannan ta gicciya. Ga wani tarko kuma: in kabon ya taɓa alminiyam da danshi a wurin, alminiyam ɗin ne ke ci. A sama ba danshi, amma tauraro yakan yi watanni a ƙasa kafin a harba shi.

Aliyu_Yauri: Ni a ganina duk wannan wahalar banza ce. A zuba dalma kawai kamar ɗakin hoton ƙashi a asibiti, ba abin da zai shiga. Ai irin wannan hasken ne ya kashe tauraron Najeriya NigComSat-1.

MalamFiziks_Jega: Malam Aliyu ka haɗa abu uku a tukunya ɗaya. Na farko, NigComSat-1 da aka harba daga Sin a watan Mayun 2007, matsalar fikafikan sola ce ta kashe shi a Nuwamban 2008, wuta ta yanke masa. An harba madadinsa, NigComSat-1R, a Disamban 2011. Na biyu, dalma giram 11 da ɗoriya ce a inda alminiyam yake 2.7, wa zai biya kuɗin ɗaga ta? Na uku kuma shi ne babba: siginar rediyo daban, ƙwayoyin da rana da ɗamarar Van Allen, wato zoben ƙwayoyi masu caji da ke kewaye da duniya, ke harbowa daban. Sigina fatar ƙarfe ke mayar da ita. Ƙwayoyin nan kuwa ratsa fata suke, abin da ke rage su shi ne yawan abin da suka tarar a hanya.

Hauwa_Kalgo: Malam, in haka ne ashe Malam Aliyu bai ɓata gaba ɗaya ba. In ƙwayoyin nan nauyi ne ke tare su, kai kuma ka rage giram 350 daga akwati, ai ka rage wa kayan ciki kariya ke nan. An gudu ba a tsira ba.

MalamFiziks_Jega: Hauwa kin kama ni, haka ne. Bangon kabon mai kauri ɗaya da na alminiyam bai kai shi tare ƙwayoyin ba. Abin da akan yi shi ne a duba 'yan aisin da ba su da juriya a ɗora musu ɗan faranti na tantalom, wani ƙarfe mai nauyi, su kaɗai, maimakon a nauyaya akwati duka. Inda abin ya yi tsanani kuwa ba a wasa. Kumbon Juno da Amurka ta harba a 2011 ya isa duniyar Mushtari a 2016, kwamfutocinsa cikin akwatin titaniyam suke, bango kusan santimita ɗaya, nauyinsa da kayan ciki wajen kilo 200. Ba wanda ya ce a yi shi da roba.

Ummu_Injiniya: Amma a jikin Juno ɗin nan dai an yi amfani da shimfiɗar ƙananan bututun kabon a wasu sassa, don cajin da ke taruwa ya samu hanyar bi. Wannan ma wani babi ne da Bashar bai taɓo ba. Kun san yadda mayafi ke ƙyas-ƙyas da tartsatsi a lokacin hunturu in ka ja shi cikin duhu? Haka caji ke taruwa a jikin duk abin da ba ya bin lantarki a sama, ya taru ya taru sai ya yi tsalle. Tartsatsin kansa sigina ce mai ƙarfi, sai kwamfuta ta ɗauka umarni aka ba ta, ko wani abu ya ƙone. A Janairun 1994 taurarin Kanada biyu, Anik E1 da E2, suka rikice a rana guda saboda haka. Tauraron Galaxy 15 kuma a Afrilun 2010 ya daina jin umarni daga ƙasa alhali yana ci gaba da watsa sigina, yana ta yawo har ƙarshen shekarar kafin ya farfaɗo, kuma irin wannan tartsatsin aka ɗora wa laifi. Don haka ko shafen da bai isa tare sigina ba yana da amfani in zai zubar da caji.

Dan_Kamba: To ni yanzu na fara jin daɗin zancen. Tambaya: me ya sa in waya na kusa da amfilifayar masallacinmu sai lasifika ta kama dit-dit-dit kafin kira ya shigo? Ranar Juma'a liman na tsakiyar huɗuba abin ya tashi, kowa na laluben aljihu.

Baba_Argungu: Shi ne dai ciwon da muke magana, Dan_Kamba. Waya in tana kan tsohon layi na GSM ba ta magana a jere, tsittsinkewa takai, sau 217 cikin daƙiƙa. Wayar makirfo ta kwashe shi awa eriya, amfilifaya ta ƙara mai ƙarfi. Ku sayi wayar makirfo mai raga a ciki, ku tabbata ragar ta kama jikin fulogi. Ni inbata ce ta hana ni sauraren gajeren zango da asuba, da na kunna ta sai rediyo ya kama ƙugi. To ka ɗauka inbata da rediyo da na'urar aika sako duk an cusa su cikin abu guda, an kai shi kilomita 35,786 sama, ba mai hawa ya gyara. Wanga shi ne tauraron sadarwa.

Hauwa_Kalgo: Tunda an zo nan bari in kawo tawa. Buntun shinkafa da ke tsibi-tsibi a bayan injinan casa daga Argungu har Kamba, kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin shanshera shi ne. In aka ƙona shi ba iska yana ba da gawayi mai ƙananan ramuka, tokarsa kuma yawancinta silika ce. Masu bincike a ƙasashen da ke noman shinkafa suna gwada shi a matsayin abin da ke shanye sigina. Me zai hana Bashar ya gwada namu, maimakon ya kwafo abin da ba zai taɓa riƙewa a hannu ba?

Aliyu_Yauri: Buntu a kumbo! Haɗin gambiza ke nan. Saura ku ce a sa ƙuli-ƙuli.

Ummu_Injiniya: Kada ka yi dariya Malam Aliyu, akwai hankali a maganarta. Ƙarfe mayar da sigina yake kamar madubi, ba ya cinye ta. A cikin rufaffen akwati sai siginar da kayan ciki ke fitarwa ta yi ta kai da komo tana damun maƙwabta. Shi ya sa ake son abin da ke sha, kuma gawayi mai ramuka yana sha. Sai dai ƙanwata Hauwa, hanyar sama da nisa. Inda ba iska, gam da roba suna fitar da tururi, tururin ya je ya kwanta a kan gilashin kyamara. Akwai gwajin da ake yi: a gasa abu a digiri 125 na awa 24 a wurin da aka zuƙe iska, kada ya rasa fiye da kashi 1 cikin 100 na nauyinsa, abin da zai kwanta a faranti mai sanyi kuma kada ya wuce kashi 0.1. Sannan garin gawayi in ya ɓalle, a inda ba nauyi yawo zai yi ta yi har ya sauka tsakanin ƙafafun aisi ya haɗa wuta. Amma a ƙasa, a ɗakin gwajin eriya ko akwatin inbatar Baba, ban ga abin da zai hana ba.

Sani_GyaranWaya: Ni tambayata zafi. Gwangwanin waya yana taimakawa wajen kwashe zafin aisi. Roba fa? A sama an ce ba iska, ke nan ba fanka.

MalamFiziks_Jega: Malam Sani wannan tambayar ta fi ta ɗalibai da yawa. Ba fanka, zafi sai dai ya bi jikin akwati ya fita. Alminiyam gwani ne a nan. Kabon na yau da kullum rago ne, musamman ta kaurinsa. Akwai wani zare na musamman da ake yi daga kwalta wanda ta tsawonsa ya fi jan ƙarfe kai zafi, amma kuɗinsa ba a magana. Ga kuma wata: tauraron da ke kusa da ƙasa yana zagaye duniya cikin minti 90, ya shiga rana ya shiga inuwa wajen sau 16 a yini. Jan ƙarfe yana buɗewa ya tsuke, kabon kusan ba ya motsi. Shekara biyar ana wannan ja-in-ja, shafen da Ummu ta lissafa giram 14 zai iya tsattsagewa ko ya ɓare kamar fentin da aka yi a kan danshi. Shi ya sa har gobe akwatuna da yawa a sama alminiyam ne, duk da jikin tauraron da faifan eriyarsa sun koma kabon tuntuni.

Bashar_Aliero: To yanzu kun mayar da ni inda na fito. Da safe ina ganin alminiyam ne daidai, da azahar Anti ta sa na koma kabon, yanzu Malam ya dawo da ni. Na kuma ga ana maganar wani abu MXene, wai ya fi su duka.

Ummu_Injiniya: Wani abu ne mai bin lantarki da ake yin siraran falle da shi, a Jami'ar Drexel ta Amurka aka gano shi a 2011. A 2016 aka nuna fallensa mai kaurin maikuromita 45, bai kai kaurin gashin kai ba, ya tare desibel 92. Don ka gane lambar: desibel 20 na nufin kashi ɗaya cikin 100 na ƙarfin sigina ne ya wuce, 30 ɗaya cikin dubu, 60 ɗaya cikin miliyan. Ka ga 92 ba wasa ba. Amma wannan ɗan falle ne da aka matse a bakin na'urar awo, ba murfi, ba kusa, ba ramin waya. Kuma yana lalacewa in ya daɗe cikin iska mai danshi. Ka sa shi a babin abin da ake fata.

Baba_Argungu: Kuma duk desibel ɗin nan na sigina mai sauri ne. Maganaɗisun taransifoma mai kaɗawa sannu, foyil ko kabon ba su gane shi ba, ratsawa yakai. Sai wani ƙarfe da anka cika da nikel, shi kuwa nauyi gare shi.

Hauwa_Kalgo: Bashar, ka tambayi kanka wane tauraro kake ƙerawa. NigeriaSat-1 na 2003 wajen kilo 100 ne. Wanda ɗaliban Akure suka sa hannu aka harba a 2017 kuwa santimita 10 ne ta kowane gefe, kilo ɗaya da 'yan kai. A irin wannan ƙaramin, giram nawa za ka rage har ya biya wahalar shafe da kankare gam? Ni dai ina nan kan buntuna.

Aliyu_Yauri: Ni kuma ina nan kan ƙarfe. Abin da aka sani shi ake ɗaurawa a roka.

MalamFiziks_Jega: Bashar, in makarantarku na da na'urar auna sigina, yi akwati uku masu girma ɗaya: alminiyam, kabon tsura, kabon mai foyil ɗin jan ƙarfe. Auna kowanne murfi a ɗaure da kusa huɗu, ka sake aunawa da kusa goma sha biyu. Ka ɗora kowanne a sikeli. In ba na'urar, ƙaramar rauta a ciki da waya a waje tana nuna ƙarfin sigina da lamba, ya fi babu. Zaren kabon ne ban san inda za ka samu a Birnin Kebbi ba, kuma in za ka yanka shi ka rufe hanci, ka nisanta garin daga soket.

Sani_GyaranWaya: Akwai masu gyaran bambar mota da ke aiki da zaren gilas, amma wannan ba ya bin lantarki sam, kada a sayar maka da shi a ce kabon ne. Ka zo da mita ka ɗora a kan zaren kafin ka biya. Foyil ɗin jan ƙarfe mai gam a baya ina da ragowar nadi ɗaya a shago, ka biyo ka karɓa.

Zuru_Boy: Jama'a na kasa haƙuri har gobe, na karɓo foyil wurin mai gashin kifi a bakin titi. Ruɓi ɗaya, ta yi ringin. Ruɓi biyu na murɗe baki, ƙanena ya ce ana ce masa ba a samun lambar. Na huda da tsinken sakace wuri uku, har yanzu shiru. Na tsaga da reza tsawon yatsa, ta kama ringin. Yanzu wayata warin kifi take. Malam na Jega, in na mayar da ita tukunya na naɗe bakin murfin kaɗai da foyil fa?

MalamFiziks_Jega: Gwada mu ji. Amma ka nemi izinin mai tukunya tukuna.